Ina Komawa Gida da Yunwa Daga Sujada: In Tsaya ko In Bi Masu Fita?

Mama, ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni matar aure ce mai 'ya'ya 3, shekarata 14 a ikilisiya ɗaya. Shekara 2 da suka wuce aka canza mana fasto. Na dā mai koyarwa ne, yakan ɗauki littafi guda ya bi shi aya aya har mu kai ƙarshe. Sabon kuwa mutumin kirki ne, ban san shi da wani mugun hali ba, amma wa'azinsa gajere ne, rabinsa sanarwa da maganar ginin majami'a. Nakan koma gida kamar ban je ba.

Wani tsohon dattijon ikilisiya ya fara nazarin Littafi Mai Tsarki a gidansa ranar Laraba da yamma, mun kai mu 20. A can na sāke jin daɗin Maganar Allah. Sai dai a 'yan watannin nan, da an rufe nazari sai hira ta koma kan fasto, har an fara cewa mu ware mu buɗe namu wurin sujada. Maigidana yana cikin dattawa, yana bayan fasto, ya ce mu ne masu raba ikilisiya. Aminiyata da muke cikin mawaƙa tare ita ma ta faɗa mini haka a gaban mutane, tun daga ranar ko gaisuwa ba ma yi. Wata 4 ke nan ban ci Jibin Ubangiji ba, domin zuciyata ba ta kwanta ba.

Mama, laifi ne mutum ya nemi inda zai ƙoshi? In zauna yunwa ta kashe ni don a ce akwai haɗin kai, ko in bi su?

Daga wata 'yar'uwa cikin damuwa

Ɗiyata, alheri da salama su tabbata a gare ki. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma kafin komai ina so in cire miki wani nauyi: yunwar da kike ji ba zunubi ba ce. Mai lafiya shi ke jin yunwa, wanda ciwo ya kwantar ne ake kai wa abinci ya kau da kai. Manzo Bitrus da kansa ya ce mu yi marmarin madarar Magana kamar jarirai sababbin haihuwa, domin mu yi girma (1 Bitrus 2:2). Ba ki kuma yi kuskure ba da kike sa rai makiyayi ya ciyar da ke. Sau uku Ubangiji ya ɗora wa Bitrus kiwon tumakinsa a Yahaya 21, a Ezekiyel 34 kuma Allah ya yi kakkausar magana a kan makiyayan da suka bar garke ba kiwo. Saboda haka duk wanda ya ce miki ki yi shiru kawai, ki daina damuwa da abin da ake koyarwa, bai yi miki adalci ba.

Amma akwai layi ɗaya a wasiƙarki da ya tsaya mini a rai, wato wata 4 ɗin nan da ba ki ci Jibi ba. Kin ce ranar Laraba kina ƙoshi. To, a daidai wannan lokacin da kike ƙoshi ne kika kasa zuwa teburin Ubangiji, gaisuwa ta yanke tsakaninki da aminiyarki, magana kuma ta yi tsami a ɗakinki. Ba don in tsorata ki nake jera miki waɗannan ba. Ana gane kyawun abinci ne a jikin mai cinsa, shi ya sa nake so ki tsaya ki dubi abin da yake yi miki.

Ki buɗe 1 Korintiyawa ki karanta surori ukun farko a zama ɗaya, za ki ga kamar da ikilisiyarku ake. Bulus ya zauna a Koranti shekara ɗaya da wata shida yana koyarwa. Bayan tafiyarsa Afolos ya zo, mutumin Iskandariya, gwanin magana, masanin Nassi. Ba a daɗe ba mutanen gidan Kuluwi suka kai wa Bulus labari cewa ikilisiya ta dāre: wannan ya ce shi na Bulus ne, wancan na Afolos, wani na Kefas, wato Bitrus, wani kuma ya ce shi na Almasihu ne. Mutanen nan fa ba jahilai ba ne, Bulus ya shaida tun a farkon wasiƙar cewa sun wadata da magana da sani. Duk da haka a sura ta 3 ya ce da madara ya ciyar da su, ba da abinci mai tauri ba, har yanzu ma ba su isa ci ba. Mece ce hujjarsa? Kishi da jayayyar da ke tsakaninsu. A wurin Bulus, abin da ke nuna mutum ya fara cin abinci mai tauri shi ne yadda yake zama da 'yan'uwansa, musamman waɗanda suka ɓata masa rai. Yawan ayoyin da ya haddace ba su ne ma'auni ba. Sai ya ɗora da cewa shi ya shuka, Afolos ya yi banruwa, amma Allah ne ya sa girma. Tsohon fastonku ya shuka a cikinki, na gode wa Allah dominsa, alamar aikinsa ce ma ta sa kike gane bambanci yau. Sai dai shi kansa bawa ne da aka aiko, aka kuma ɗauke.

A wannan wasiƙar dai Bulus ya ɗaure ci da haɗin kai da igiya ɗaya. Ya ce tun da gurasar ɗaya ce, mu da muke da yawa jiki ɗaya ne, domin dukanmu daga gurasa ɗaya muke ci (10:17). Da ya ji yadda suke taruwa, wani ya riga ya cinye nasa, wani yana zaune da yunwa, sai ya ce wannan ba Jibin Ubangiji suke ci ba, ya umarce su su riƙa jiran juna. Kin tambaye ni ko ki zaɓi ƙoshi ko ki zaɓi haɗin kai. Ni ban ga inda Nassi ya ajiye su a faranti biyu ba.

Bari mu zo kan fasto. Ban ji daga bakinsa ba, ke ma ina jin ba ki ji ba, ga shi kuwa ba a yanke shari'a da jin ɓangare ɗaya. Ki sa kanki a matsayinsa na ɗan lokaci. Ya gaji mutumin da jama'a ke ƙauna, ya tarar da gini a tsaye, kowane mako akwai masu jiran a biya su, ga marasa lafiya, ga masu makoki, ga ma'auratan da ke neman sulhu. Mai yiwuwa baiwarsa ta fi ƙarfi wajen ziyara da ta'aziyya fiye da koyarwa, domin Afisawa 4:11 ta nuna ba baiwa iri ɗaya aka ba kowa ba. Mai yiwuwa kuma ya iya koyarwa, lokacin shiri ne ya gagare shi. Ko ma mene ne, ga tambayar da nake so ki amsa wa kanki da gaskiya: cikin ku 20 ɗin nan da kuka yi watanni kuna maganarsa, mutum nawa ne ya taɓa zama da shi ya ce, Baba, muna jin yunwa? In amsar babu ce, to ana shirin hukunta mutum a kan ƙarar da ba a taɓa karanta masa ba. Afolos ɗin nan da na ambata, lokacin da Bilkisu da Akila suka ji koyarwarsa da saura, ba su tara mutane a kansa ba. Sun ja shi gefe suka ƙara fayyace masa hanyar Allah (Ayyukan Manzanni 18:26), ikilisiya kuma ta ci ribarsa daga baya.

Akwai wani labari da ya fi kowanne kama da naku, a Ayyukan Manzanni 6. Gunaguni ya tashi a Urushalima domin ana manta da gwaurayen Yahudawa masu jin Helenanci wajen rabon abinci na kullum. Ƙorafin gaskiya ne, manzanni kuma ba su kira masu yinsa 'yan tawaye ba. Sun tara jama'a suka ce bai kamata su bar Maganar Allah su koma hidimar tebur ba, aka zaɓi mutum 7, cikinsu har da Istifanas da Filibus, aka danƙa musu aikin, su kuma manzanni suka duƙufa ga addu'a da hidimar Magana. Sakamakon shi ne Maganar Allah ta yi ta haɓaka. Ina ganin wannan ce hanyar da za ku fara gwadawa. A ɗauke wa fasto maganar gini daga kan mumbari, a ba wani kwamiti ko wani dattijo ya riƙa yin sanarwa a lokacinta, a bar masa kwana ɗaya ko biyu a mako da ba mai damunsa sai da larura, domin ya shirya wa'azi. Wa ke da bakin kai wannan shawara gaban dattawa? Mutumin da kuke kwana ɗaki ɗaya da shi.

Maigidanki ya yi miki magana mai zafi, na sani. Ina zaton tsoro ne ya yi magana da bakinsa: yana zaune a taron dattawa, ana kiran sunayen masu shirin ɓallewa, sunan matarsa yana ciki. Ki nemi lokacin da yara suka yi barci, ku biyu kaɗai, kada ki fara da laifin fasto, domin da kin ambaci sunansa zai ɗaura ɗamarar kāre shi. Ki fara da kanki. Ki ce masa, maigida, ina komawa gida daga sujada zuciyata a bushe, ina tsoron kada in yi sanyi, ka taimake ni. Da wuya mijin da ke tsoron Allah ya ji wannan ya juya baya. Ki kuma faɗa masa abin da ke damunki game da hirar ranar Laraba, kamar yadda kika faɗa mini. Zai gane ba ki zama abokiyar gāba ba. Sa'an nan ku karanta Ayyukan Manzanni 6 tare, ki bar shi ya ga shawarar da idonsa.

Game da tsohon dattijon da kuke taruwa a gidansa, ba zan zarge shi da abin da ban sani ba. Buɗe gida domin Maganar Allah aikin kirki ne, ikilisiyoyin farko ma a gidaje suke taruwa. Amma mai jagorar nazari shi ke da alhakin abin da ake faɗa a ƙarƙashin rufinsa, har bayan an ce amin. Akwai gwaji mai sauƙi: da a ce fasto zai turo ƙofa ya zauna a bayan ɗaki, wace magana ce za a haɗiye? Duk wadda za a haɗiye, ba ta kamata a yi ta a bayan idonsa ba. Laraba mai zuwa, in hira ta juya, ki yi magana cikin ladabi, ki ce 'yan'uwa, tun da damuwarmu gaskiya ce, mu yi masa addu'a yanzu, mu kuma zaɓi mutum biyu ko uku su je su same shi. Ki ƙara da shawarar a sanar da shi wannan nazari, a roƙi ya zama na ikilisiya, ƙofa a buɗe ga kowa, har shi ma a gayyace shi. Yadda za a karɓi wannan magana zai nuna miki abin da ba zan iya gani daga nan ba. In an yi murna, to taronku yana iya zama maganin da ikilisiyar take bukata. In kuwa aka ɓata rai, aka ce ai an wuce nan, sai ki tuna da gargaɗin da Bulus ya yi wa dattawan Afisa, cewa daga cikinsu ma waɗansu za su tashi su janye masu bi zuwa bayansu (Ayyukan Manzanni 20:30). A wannan hali ki janye ƙafarki a hankali, ba tare da faɗa ba.

Aminiyarki ta yi kuskure da ta faɗa miki magana irin wannan a gaban jama'a, ba zan rufe wannan ba. Amma abin mamaki, duk ta inda kika bi a koyarwar Ubangiji, ke ce ake cewa ki tashi ki je. In ɗan'uwanka ya yi maka laifi, ka je ka same shi ku biyu kaɗai (Matiyu 18:15). In kuma kai ne ka tuna yana da wata magana a kanka, ka bar baikonka a gaban bagade ka je ku shirya tukuna (Matiyu 5:23-24). Harshe da haƙori ma sukan saɓa, balle mutum biyu da suka yi shekaru suna tsayawa kafaɗa da kafaɗa suna waƙa. A Filibi akwai mata biyu, Afodiya da Sintiki, da suka yi fama tare da Bulus a aikin bishara, suka zo suka saɓa har labari ya kai masa a kurkuku. Bai ce wance ce mai gaskiya ba. Ya roƙi kowacce da sunanta, ya kuma nemi wani amintaccen abokin aiki ya taimake su. Ki je gidanta, ki ce maganar ta yi miki ciwo, ki kuma saurari abin da ya sa ta faɗe ta, wataƙila tsoron rabuwa da ke ne. In zuwan farko bai yi ba, ki nemi wata uwa a ikilisiya da ku duka kuke ganin girmanta ta zauna da ku.

Daga nan sai ki koma teburin Ubangiji. Na fahimci abin da ya hana ki, tsoron ci da rashin cancanta ne, wannan tsoron kuma yana da tushe. Amma ki duba 1 Korintiyawa 11:28 da kyau: mutum ya gwada kansa, sa'an nan ya ci. An ba da gwajin ne domin a gyara a zo a ci. Ba a ba da shi domin a yi ta zama a nesa wata da watanni ba. In kin yi iyakar ƙoƙarinki wajen neman sulhu, ko da ita ba ta amsa ba tukuna, kin sauke naki, domin Romawa 12:18 ta ce in mai yiwuwa ne, gwargwadon abin da ke hannunku, ku yi zaman lafiya da kowa. Nakan tuna da Iliya a ƙarƙashin itace a jeji, ya gaji har yana roƙon mutuwa, yana ganin shi kaɗai ya rage. Mala'ika bai fara da yi masa faɗa ba, ya taɓa shi ya ce ya tashi ya ci, gama tafiyar ta fi ƙarfinsa. Daga baya ne Allah ya sanar da shi akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Ina da yaƙinin a cikin waɗanda ba sa zuwa ranar Laraba ma akwai masu jin irin yunwarki, suna addu'a a ɓoye.

Wani abu kuma, ɗiyata, wanda zan faɗa miki domin na ga kin isa jinsa. Ko da tsohon fasto ne ya dawo, wa'azin rana ɗaya ba ya riƙe mutum kwana bakwai. Manna a jeji kowace safiya ake fita a tattara ta, wanda ya ajiye ta kwana kuwa ya tarar ta yi tsutsa, ban da ranar shirin Asabar. Marubucin Ibraniyawa ya yi wa masu karatunsa faɗa cewa lokaci ya yi da ya kamata su zama masu koyarwa, amma har yanzu suna bukatar a ba su madara. Shekara 12 kika yi a ƙarƙashin mai bin littafi aya aya, kin ga yadda ake yi. Ki ɗauki Afisawa, surori 6 ne kawai a cikinta, ki bi ta a hankali cikin mako shida, sura ɗaya a mako, kina rubuta abin da kika gane. In maigida ya yarda ku yi tare, 'ya'yanku 3 suna ji, to kin ciyar da gida guda. Yaran nan suna kallon duk abin da ke faruwa, suna kuma koyon yadda Kirista yake yi in ransa ya ɓaci da ikilisiya. Ran Lahadi kuma ki tafi da takarda, ki rubuta abu ɗaya tak daga gajeren wa'azin nan, ki aikata shi a cikin makon. Zuciyar da ta riga ta yanke cewa ba abin da za ta samu, ko an zuba mata ba ta karɓa.

Ba zan ce miki ba a taɓa barin ikilisiya ba. In ana wa'azin wata bishara dabam da ta Almasihu, Galatiyawa 1 ba ta bar wurin sassauci ba. In shugabanni suna cutar da mutane, ko suna rufe mugun zunubi, ko suna cin amanar dukiyar ikilisiya, an yi musu magana ta hanyar da ta dace sun ƙi ji, to fita tana iya zama wajibi, cutarwar da ta shafi doka kuma a kai ta gaban hukuma. Ban ga ko ɗaya daga cikin waɗannan a wasiƙarki ba, ke da bakinki kika ce mutumin kirki ne. Abin da kuke da shi rauni ne a koyarwa, rauni kuwa ana jinyarsa. Ki ba wannan ƙoƙari wata shida, da zuciya ɗaya. In bayan haka ba abin da ya motsa, kuka zauna da maigidanki kuka ga iyalinku na bukatar wani wuri, akwai hanyar tafiya mai mutunci: ku je ku yi sallama da fasto, ku faɗi dalili, ku nemi albarkarsa, ku shiga wata ikilisiya da take tsaye, ba tare da kun ja kowa ba. Bulus da Barnaba sun rabu a kan Markus bayan gardama mai zafi, amma ƙofa ba ta rufe ba, har a ƙarshen ransa Bulus ya ce a zo masa da Markus domin yana da amfani a gare shi. Wannan dabam yake da mutum 20 su ɓalle cikin fushi. Ikilisiyar da aka kafa a kan ƙin wani mutum takan rasa abin da zai riƙe ta ranar da mutumin ya daina zama abin hira, halin tsagewa kuma yana da wuyar warkewa. Korantin nan dai, wajen shekara 40 bayan wasiƙar Bulus, sai da ikilisiyar Roma ta rubuta musu doguwar wasiƙa domin sun sāke rikicewa har sun tuɓe waɗansu dattawansu.

Ki fara da ƙofar aminiyarki kafin Lahadi mai zuwa, domin ita ce ta fi kusa, ita ce kuma ta tsaya tsakaninki da Jibi. Maganar maigida ta biyo baya a cikin makon, sa'an nan ta ranar Laraba. In lokacin ganin fasto ya yi, kada ku wuce mutum uku, ku fara da gode masa a kan wani abu na gaskiya da ya yi muku, ku roƙe shi ya ɗauki littafi guda ya bi da ku, ku kuma tambaye shi wane kaya ne za ku iya sauke masa. Ina yi miki addu'a, ke da gidanki da fastonku. Ki sāke rubuto mini bayan kun gana da shi, ina so in ji abin da ya ce.